Tallan Takin da Ya Taso Malam Iro Daga Galadi

Zuwa ga ɗiyata, mai sunan mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, Mamana, ina kuma roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya a Sakkwato, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da abokan zama nagari. Na ce wa innarki ta cusa ta ƙarƙashin kayan sawarki, don kada ki gan ta sai kin sauka kin huta. Da gangan na yi hakan. Akwai maganar da bakin uba ke jin nauyin faɗa wa ɗiyarsa ido da ido, amma a takarda sai ta fita sumul.

Nasihar salla da karatu da kama kai innarki ta yi miki ita, ta fi ni iyawa, ban ga abin da zan ƙara ba. Tawa a kan wayar hannunki ce, da ƙaramar kwamfutar da kawunki ya ba ki don karatu. Na san za ki yi murmushi ki ce Baban da sai an nuna masa inda ake ƙara hasken waya, shi ne yau zai koya miki. Gaskiyarki. Sai dai wanda ya taɓa faɗawa rijiya ya fi mai kallo sanin inda bakinta ya zaizaye. Na yi aikin malamin gona tun ba a haife ki ba, daga Dauran aka mayar da ni Galadi, na zo na ƙare a Banga, ban taɓa sunkuyar da kai a gaban manoma ba sai da tallan intanet ya same ni. Lokacin kina makarantar kwana, gutsuri-gutsuri kika ji. Yau zan ba ki shi cikakke.

Saboda aiki na sayi babbar waya. Manomi zai kawo mini ganyen dawa da wani abu ya ci, in ɗauki hoto, in nemi bayani. Wata rana da hantsi ina zaune a zaure ina karanta wani shafi a kan tsutsar nan mai cin zuciyar masara, sai fuskar wayar ta yi ja, ta hau kaɗawa a hannuna. Rubutu ya fito da Turanci, wai wayata ta kamu da bairos, batir zai lalace, hotunana za su goge, in ban danna wani maɓalli ba kafin agogon da ke ƙirgawa ya ƙare. Har sunan irin wayata ya faɗa daidai, wannan shi ya sa na yarda. Na ce wanda ya san sunan wayata ai ya leƙa cikinta. Na danna. Aka ce in sauke wata manhaja mai share datti. Ita wayar, baiwar Allah, ta yi mini gargaɗi cewa abin ba daga kantin manhajojinta ya fito ba. Na ture gargaɗin gefe, na ba da izini, har ina jin daɗi na ceci hotunana.

Kwana biyu tsakani wayar ta sauya hali. Sai ta ɗau zafi a aljihu ba tare da na taɓa ta ba. Cajin safe ba ya kai azahar, datar wata ba ta kai mako. Talla kuwa ko kira zan yi sai ya tare ni. Na yi ta haƙuri ina cewa ƙila haka manyan wayoyi suke.

Sai ranar da muka yi taro da dattawan Banga a gindin tsamiya. Ina musu bayanin tsutsar, na buɗe hotonta na miƙa wa limamin unguwar don ya gani ya miƙa gaba. Wayar na shiga hannunsa sai kiɗa ya tashi, wasu mata da ba su da isasshen tufafi suka cika fuskarta. Liman ya kife wayar a tafin hannunsa, ya miƙo mini a hankali, sannan ya ce, "Malam Garba, wagga tsutsa taku ta zamani, ba mu san maganinta ba." Dattawa suka sunkuyar da kai, wasu kafaɗunsu na rawa. Na ƙarasa bayanin, amma in kin tambaye ni abin da na faɗa ban sani ba.

Daga nan ban zarce ko'ina ba sai rumfar Malam Bala. Kin san shi, mai gyaran nan da ke kusa da tsohuwar tashar jirgi a nan Ƙaura. Aji ɗaya muka yi a firamare. Ya yi shekaru yana gyaran rediyo, da rediyo ya ja baya ya koma waya, ga furfura ga gilashi a kan hanci. Ya karɓi wayar ya jujjuya, ya ce, "Mi ka danna?"

Na ce, "Ban danna komai ba."

Ya ce, "Garba, duk wanda ya zo rumfar ga bai danna komai ba. Aljanu ne ke danna musu."

Dole na faɗa masa gaskiya. Yana aiki yana mini bayani, kuma bayanin nasa ne zan ba ki. Ya ce shafin intanet ba shi da idon da zai duba lafiyar wayarka. Sunan wayar da ya faɗa, ita da kanta take sanar da kowane shafi, kamar lambar da ke bayan babur, kowa na iya karantawa. Jan allon nan talla ne kawai da aka yi wa shigar likita. Na ce to yaya aka yi ya shigo shafin noma, shafin mutanen kirki? Ya ce masu shafi ba su suke zaɓen tallan ba. Fili suke bayarwa haya ga dillalan talla, dillalan su sayar wa duk wanda ya biya, wani lokacin ta hannu uku ko huɗu. Mai shafin kansa bai san wa ya shimfiɗa kaya a ƙofar gidansa ba. Saboda haka kyawun shafi ba ya wanke tallan da ke jikinsa.

To Mamana, in kina karatu wani abu ya faɗo yana ihu cewa wayarki ko kwamfutarki ta kamu, ki san shi ne cutar. Kada ki danna komai a jikinsa, har da ɗan gicciyen nan na rufewa, don sau da yawa shi ma tarko ne. Ki rufe shafin gaba ɗaya, in ya ƙi ki rufe burauzar, wato manhajar da kike buɗe shafuka da ita. Duk abin da ya sa miki agogo yana ƙirga miki lokaci, so yake ki danna kafin hankalinki ya iso. Manhaja kuwa kada ki sauke ta sai daga kantin da wayar ta zo da shi, can ɗin ma ki duba wa ya yi ta da abin da mutane suka ce a kanta. Akwai wani wuri a saitin waya da ke ba da damar saka manhaja daga waje, ki bar shi a kulle. Haka in wani shafi ya nemi izinin riƙa turo miki sanarwa, ki ce a'a. Ba gaisuwa zai riƙa turo miki ba.

Malam Bala ya cire abin, ya sa mini burauza mai toshe talla a waya, ya kuma bi ni ofis ya sa wa tsohuwar kwamfutarmu irin nata. Na samu lafiya na tsawon lokaci. Ni na ɓata da hannuna.

Kin san ni da dambe. Wata rana bayan an tashi aiki na tsaya a ofis, wani ya ba ni labarin shafin da ake kallon wasannin dambe kyauta. Na shiga, shafin ya ce ba zai nuna mini ba sai na kashe abin toshe talla. Na kashe. Kwamfutar nan kuwa ta daɗe tana roƙona in bari ta sabunta kanta, kullum in ce sai gobe, don in ta fara sai ta ɓata mini rabin safiya. Wallahi a ranar ban danna talla ko ɗaya ba, dambena na kalla na tafi gida. Da safe na zo, duk takardun da ke ciki sun ƙi buɗuwa, ga wani rubutu a fuskarta wai an kulle su, sai na biya fansa. Malam Bala ya ce tsohuwar burauza kamar katangar da damina ta ci ce, wani tallan ba ya jiran a buɗe masa ƙofa, ta tsagar yake shiga. Sabuntawar da nake ƙi, ita ce yaɓen. Ya ce kada a biya, don ba tabbas za su buɗe.

Abin da ya fi ci mini rai a ciki shi ne tarihin ruwan sama. Tun ina Dauran nake rubuta ranar da ruwan shuka ya sauka kowace shekara, da ranar da ya ɗauke, da irin geron da ya yi kyau a wace ƙasa. Na kwashe shi duka na zuba a kwamfuta, na ce wa innarki tsofaffin littattafan ta hura wuta da su. Na dawo gida ranar ko tuwo na kasa ci. Ta tambaye ni, na faɗa mata. Ta tashi ta shiga ɗaka, ta jawo wata tsohuwar akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ga littattafaina a ɗaure da tsumma, ko ɗaya bai ɓata ba. Ta ce, "Rubutun da mutum ya yi shekaru yana yi, ni ba ni sa mai wuta, ko shi ya ce."

Don haka in wayarki ko kwamfutarki ta nemi sabuntawa, ki bar ta ta yi, ko da datar ta yi miki ciwo. Amma daga cikin saitinta za ki yi, ba daga wani shafi da ya faɗo ya ce ki sabunta ba, wannan ma shigar burtu ce. Abin toshe talla kawunki ya sa miki, na tsaya a kansa har ya gama. Shafin da ba ki sani ba in ya ce sai kin kashe shi, ki bar masa kayansa, musamman masu raba finafinai da littattafan karatu kyauta, don can mugun talla ya fi yin sheƙa. Na san ɗalibai da neman littafin kyauta, ki fara tambayar ɗakin karatun makarantarku. Aikinki na makaranta kuwa kada ya kwana a wuri ɗaya. Ki riƙa kwafe shi a filashi duk mako, ki zare filashin ki ajiye daban, don in yana jone cutar za ta same su tare. Ba kowa ke dacewa da mai ɓoye masa littattafai a ƙarƙashin gado ba.

Yanzu ga wanda ya sa na ɗauki alƙalami. Waɗancan biyun ni kaɗai suka taɓa. Wannan ya taɓa mutanen da suka yarda da ni.

Shekarar da zan ajiye aiki ce, farkon damina, gero ya fara rufe ƙasa. Taki ya yi wuya, duk inda na shiga tambayar ke nan, "Malam, ko akwai labarin taki?" Na ji a bakin mutane cewa za a yi rajistar manoma don tallafi, amma ba takardar da ta iso ofishinmu. Sai na ce bari in bincika da kaina. Na rubuta a wurin nema, abu na farko da ya fito a sama ya yi daidai da abin da nake so, ga tambari mai kama da na hukuma, ga hoton buhunan taki. Akwai wata 'yar kalma a gefensa da ke nuna talla ne aka biya aka ɗora, ƙanƙanuwa, ban kula da ita ba. A zatona abin da ke sama shi ne mafi inganci. Ashe wuri ne da ake saye, kuma ɓarawo ma na da kuɗin saye.

Shafin ya ce malaman gona su sauke manhajar rajista don su yi wa manomansu. Kin ji inda aka kama ni. Da cewa aka yi na ci kyautar mota, da na yi dariya na wuce, don a lokacin ina ganin na waye. Amma an ce manomana za su samu taki ta hannuna. Wayar ta sake yin gargaɗin nan nata, na tuna da Malam Bala sarai, sai na ce wa kaina ai wannan ta hukuma ce, ƙila ba su kai ga sa ta a kanti ba. Manhajar ta nemi izinin ganin lambobin mutanena, na ba ta. Ta nemi izinin karantawa da aika saƙo, na ba ta. Ta nemi wani izinin na sarrafa fuskar wayar, shi ma na ba ta. Ban tsaya na tambayi kaina me rajistar taki za ta yi da saƙonnina ba. Na cika fom, ya ce an karɓa, sannan alamar manhajar ta ɓace daga fuskar wayar kamar ba a taɓa sa ta ba.

Washegari da safe kira ya fara shigowa. Wani daga Zurmi ya ce ya ga saƙona, ya gode. Na ce wane saƙo? Ya karanta mini: an buɗe rajistar taki, kwana uku ya rage, a danna nan. Daga lambata ya fita, zuwa ga duk wanda ke cikin wayata, manoman da na tara tun daga Dauran har Banga. Kafin hantsi na amsa kira ya fi a ƙirga.

A nan na yi kuskuren da ya fi dannawar muni. Kunya ta kama ni. Na tuna gindin tsamiya, na tuna kwamfutar ofis, na ce da wane ido zan kalli Malam Bala karo na uku, da wane baki zan ce wa mutane malaminsu ne aka yi wa wayo. Sai na kashe wayar na jefa ta cikin durowa. Na ce wa innarki ta lalace. A raina ina cewa in ba ta kunne ai ba za ta ƙara aika komai ba, maganar za ta mutu da kanta. Ban yi tunanin saƙon da ya riga ya fita ba, da mutanen da za su neme ni su rasa.

Kwana biyu wayar na durowa. Rana ta uku bayan la'asar ina zaure, sai na ji tsayuwar babur a ƙofar gida, aka yi sallama. Na fito na ga Malam Iro. Ba ki san shi sosai ba, kina goye muka baro Galadi. Shi ne maƙwabcinmu a can, manomi ne kuma yana da 'yan shanu, shi ya ba mu ɗakin da muka fara zama kafin mu samu namu. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Yana tsaye, ƙafafunsa duk laka, rawaninsa ya kwance gefe guda, ya rungume wata baƙar leda a ƙirji.

Na shigar da shi, aka kawo ruwa da fura. Sai da ya sha ya huta sannan ya kwance ledar. Katunan shaida ne da ƙananan hotuna na maƙwabtansa, har da na wasu mata biyu da aka kashe musu maza, suke noma da kansu. Ya ce, "Saƙonka munka gani, Malam. To wayoyinmu ƙanana ne, abin bai buɗuwa. Munka yi ta kira ba ka shiga. Da munka ga yau ne kwana na ukun, sai anka ce ni in taho, tunda ni na san gidanka."

Na ce, "Ta wace hanya kuka biyo?"

Ya ce, "Hanya ai guda ce." Tun da sassafe suka fito da mai babur ɗin. Kafin Shinkafi aka tare su da labarin cewa gaba ba lafiya, suka koma wani ƙauye suka zauna har rana ta take, sai da suka ga masu babura sun fara fitowa daga can ɓangaren sannan suka bi ayari. A wani wuri sun wuce babur a yashe gefen hanya, ba mai shi. Ya faɗi wannan ne kamar yana ba ni labarin farashin gero.

Mamana, kin san hanyar nan, kin san abin da ake nufi in an ce gaba ba lafiya. Dattijo ya ɗora ransa a bayan babur, ya bar iyalinsa da gonarsa a tsakiyar noman farko, saboda saƙon da ya zo da lambata. Na dubi hotunan nan a shimfiɗe kan tabarma, na ji ƙarya ba za ta fita daga bakina ba. Na faɗa masa komai, tun daga tallan har durowa.

Ya mayar da katunan cikin leda ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Wayon da anka yi maka ban ga laifinka ba, kowa ana yi mai. Amma da ka bar wayar a kunne, ko ka ari ta wani ka kira mutum guda a Galadi, da ka hutar da ni."

Bai ƙara ko kalma a kai ba, har yau. Ni kuwa ban taɓa jin maganar da ta zauna mini kamarta ba.

A ranar, kafin magariba, na ɗauki wayar na kai wa Malam Bala. Na shirya wa baƙar magana, amma da ya ji labarin Malam Iro bai yi mini tsiya ba. Ya zare layin, ya hana wayar hawa intanet, ya kwafe hotunana da lambobin mutanena, ya wanke ta tas ta koma kamar ranar da aka saye ta. Ya sa na sauya duk lambobin sirrina daga wata wayar daban, ya kunna mini matakin tsaro na biyu, wanda ko mutum ya san lambar sirrinka sai an turo maka wata kafin a shiga. Ya ce wadda ake turowar kada in karanta wa kowa, ko wa ya ce shi ne. Daga nan ya miƙo mini tasa wayar ya ce, "Fara kira." Na zauna a bencinsa na bi mutane ɗaya bayan ɗaya. Washegari na ci gaba. Ranar Juma'a na je Banga, bayan an sallame na nemi izinin liman na miƙe a gaban jama'a na ce saƙon nan ba nawa ba ne, yaudarata aka yi, duk wanda ya danna ya kawo wayarsa a duba. Na zaci za a yi mini dariya. Sai ga mutane suna biyo ni waje, wannan ya ce shi ma an taɓa yi masa, wancan ya ce ɗansa ne ya danna, me za a yi. Waɗanda suka kamu muka kai su rumfar Malam Bala. Allah Ya taƙaita, ba wanda ya yi asarar da ta fi ƙarfinsa.

Malam Iro kwana uku ya yi a gidanmu, na hana shi tafiya sai da aka samu ayari mai yawa ranar kasuwar Shinkafi. Na raka shi tasha, na tsaya har suka tashi, kuma ban zauna ba sai da ya bugo waya ya ce mini ya shiga gida. Da rajistar gaskiya ta zo daga baya, a takarda, ta ofis, da hannuna na cika ta mutanen Galadi, shi ne aikina na ƙarshe kafin in miƙa makulli. Duk kaka kuwa sai Malam Iro ya aiko mini da damin gero, wai ladan masauki.

Ga abin da nake so ki riƙe daga wannan. In kina neman shafin makarantarku, ko na banki, ko na wata hukuma, kada ki bi ta abin da ya fito a saman nema, ki duba ko an rubuta talla a gefensa ki tsallake shi. Ki karɓi adireshin daga ofishin da kansa, ki rubuta da hannunki, ki adana shi a burauza don gobe. Ku ɗalibai da tallan tallafin karatu da na guraben aiki za a zo muku, kamar yadda aka zo mini da taki, don mai tarko ya san abin da kowane tsuntsu ke ci. In manhaja ta nemi izini, ki tambaye ta a ranki me za ta yi da shi. Fitila ba ruwanta da lambobin ƙawayenki, fom ba ruwansa da saƙonninki. Lambobin da ke wayarki amanar mutane ce, ba taki ce ke kaɗai ba.

In kuma duk da haka an yi miki wayo, don ana yi wa wanda ya fi mu, to kada ki ɓoye. Ki kashe data, ki ari wayar ƙawarki, ki sanar da mutane a cikin sa'ar nan, ki sauya lambobin sirri, ki kai wa mai gyaran da aka sani. Kunyar ba ta wuce ta yini ɗaya. Ni dai ba zan taɓa yi miki faɗa a kan kin danna ba, ba ni da bakin yi.

Kada ki ɗauka tsoratar da ke nake. Wayar nan alheri ce, da ita nake ganin jikokin yayana, da ita nake jin wa'azi ina cire ciyawa a gonata ta bayan gari. Na ajiye aiki lafiya, mutane na gaishe ni da mutunci, ga ki Allah Ya nuna mini za ki jami'a. Ban da abin da zan ce wa Ubangiji sai godiya. Ki yi amfani da kayanki hankali kwance, ki dai san inda kike sa yatsa.

Saura roƙo ɗaya. Tsufa na zuwa, ido na raguwa, masu tallan nan kuwa kullum sabuwar riga suke sakawa, ban ɗauke wa kaina sake faɗawa ba. In kin ga saƙo daga lambata mai cewa ki danna wani abu, kada ki danna, ki kira ni tukuna. In ba ni na aiko ba, kin cece ni da mutanena. In kuma ni ne, to na ji muryarki, ban yi asara ba.

Allah Ya tsare ki daga sharrin da ake gani da wanda ke zuwa a ɓoye, Ya buɗa miki karatu, Ya sa ki gama lafiya ki dawo ki same mu lafiya. Allah Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, Ya kiyaye duk wanda ke kan hanya. Innarki na sa miki albarka, ni ma na sa miki.

Wassalam.

Mahaifinki,
Malam Garba malamin gona,
Ƙaura Namoda.